Haɗe Matakan Albashi Zuwa Faffaɗan Rukunai: Me Zai Samu Ma'aikatan Ofis?

Hajiya Rabi:
Assalamu alaikum. Ina neman fahimtar 'yan uwa da suka san harkar kula da ma'aikata game da wani sauyi da ke tafe a wurin aikinmu. Hukumar gudanarwa ta sanar da cewa za ta soke matakan albashi 12 da muke da su, ta mayar da su rukunai 4 masu faɗi, kuma dukkanmu ma'aikatan ofis, tun daga mai karɓar baƙi da mai ajiyar fayiloli har zuwa babbar sakatariya, za mu faɗa cikin rukuni guda. An tabbatar mana cewa albashin kowa ba zai ragu ba, an kuma nuna mana cewa ƙololuwar sabon rukunin ta zarce ƙololuwar matakin da kowannenmu yake kai a yanzu. Abin da ba a yi mana bayaninsa ba shi ne yadda mutum zai tashi daga inda aka ajiye shi ya kai wannan ƙololuwar, tun da ƙarin girma daga mataki zuwa mataki ya tafi tare da matakan. Shin wannan ci gaba ne a gare mu, ko kuwa akwai abin da ya kamata mu lura da shi kafin wakilanmu su sa hannu?

Malam Isuhu:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Ni a sashen kula da ma'aikata nake aiki, don haka zan fara da dalilin da ya sa ma'aikatu ke son wannan tsari, domin ba da mugun nufi aka ƙirƙiro shi ba. A tsohon tsari, kowane aiki ana auna shi ne a ba shi mataki, kuma tazarar da ke tsakanin ƙasan matakin da ƙololuwarsa ba ta da yawa. Misali mafi shahara shi ne na gwamnatin tarayyar Amurka, wanda ya samo asali daga dokar 1949: a yau yana da matakai 15, kowane mataki yana da hawa 10, kuma tsakanin hawa na farko da na goma akwai bambancin kusan kashi 30 cikin 100. Faffaɗan rukuni kuwa yakan kai kashi 100 ko fiye, wato wanda ke sama yana iya karɓar ninki biyu na abin da wanda ke ƙasa yake karɓa alhali rukuninsu ɗaya.

Matsalar da ake son magancewa ta gaske ce. Idan sakatariya ta kai ƙarshen matakinta, komai ƙwazonta babu yadda za a ƙara mata sai an sake auna aikinta ko an ƙirƙiro mata sabon muƙami, kuma wannan ne ya sa ake samun shugabanni suna rubuta bayanin aiki na bogi, suna kumbura shi da manyan kalmomi, don kawai kwamitin auna ayyuka ya ɗaga mutuminsu. Haka nan idan ana son mayar da ma'aikaci daga sashen kuɗi zuwa sashen sayayya, sai ya ƙi saboda kujerar can ta gaza tasa da mataki ɗaya, ko da zai koyi abin da zai amfane shi. Faffaɗan rukuni yana kawar da waɗannan shingaye. An fara gwada shi a aikin gwamnatin Amurka a 1980, a cibiyar binciken sojan ruwa ta China Lake da ke Kalifoniya da wata takwararta a San Diyego, a ƙarƙashin damar da dokar gyaran aikin gwamnati ta 1978 ta bayar. Daga baya manyan kamfanoni irin su General Electric suka rungume shi lokacin da suke rage yawan shugabannin tsakiya.

Alhaji Garba:
Malam Isuhu ya faɗi tarihin daidai, sai dai ya tsaya a tsakiyar hanya. Ina roƙon ku duba inda aka fara gwajin: cibiyoyin bincike ne, inda babban ciwon kai shi ne yadda za a riƙe injiniyoyi da masana kimiyya kada kamfanoni masu biyan kuɗi da tsoka su kwashe su. Injiniya yana da abin da zai yi ciniki da shi, domin zai iya ajiye takardar tayin wani kamfani a kan teburin shugabansa ya ce a biya ko ya tafi. Mai ajiyar fayiloli da wace takarda zai shiga ofishin shugaba?

Sauran tarihin kuma shi ne, Ma'aikatar Tsaron Amurka ta ɗauki wannan tunani ta shimfiɗa shi a kan ma'aikatanta farar hula. Majalisa ta ba da izini a 2003, aka fara aiwatarwa a 2006, har ya shafi mutum fiye da dubu 200. Ƙungiyoyin ƙwadago suka kai ƙara kotu, ma'aikata suka yi ta kukan cewa ba su san yadda ake raba kuɗin ƙwazo ba, kuma ba su yarda da makin da ake ba su ba. A 2009 majalisa ta soke tsarin, aka mayar da mutanen kan tsoffin matakai. Wanda zai kawo muku labarin 1980 ya kamata ya haɗa muku da na 2009.

Na daɗe a harkar ƙungiya kafin na yi ritaya, kuma abin da na fahimta shi ne tsarin matakai alkawari ne rubutacce. Ma'aikaci ya san cewa idan bai yi laifi ba, a wata kaza na shekara kaza zai hau. A tsarin Amurkan nan, ana jiran shekara ɗaya-ɗaya a hawan farko-farko, sannan biyu-biyu, sannan uku-uku, jimilla shekara 18 daga ƙasa zuwa sama. Yana da jinkiri, amma ba ya bukatar ka yi wa kowa fadanci. Faffaɗan rukuni yana ɗauke wannan alkawari daga cikin takarda ya danƙa shi a hannun shugaban sashe. Wannan shi ne ainihin sauyin, Hajiya, sauran duk kwalliya ce.

Malama Zainab:
Baba Alhaji, bari in sa lissafi a kan maganarka, tun da aikina shi ne shirya takardun albashi. Mu ɗauki misali na ƙiyasi kawai. A ce ƙasan rukunin 100 ne, ƙololuwarsa 200, kuma an ajiye ma'aikaciya a kan 100. Idan ana ƙara mata kashi 3 cikin 100 kowace shekara, kuma rukunin bai motsa ba, za ta kai sama bayan kimanin shekara 24. To amma rukuni ba ya tsayawa wuri ɗaya, domin duk ma'aikatar da ta san abin da take yi tana ɗaga ƙasansa da samansa lokaci-lokaci saboda tsadar rayuwa. Idan ana ɗaga shi da kashi 2 a shekara, to ainihin tafiyar da take yi a cikin rukunin kashi 1 ce kawai, kuma da wannan tafiya sai ta yi kusan shekara 70 kafin ta taɓa ƙololuwar. Saboda haka idan an nuna muku babbar lamba a saman jadawali, tambayar da za ku yi ita ce mutum nawa ne a cikinku lissafi ya nuna za su kai ko da kashi uku cikin huɗu na hanyar kafin su yi ritaya.

Akwai kuma abin da ke ɓacewa ba tare da ya bayyana a takardar albashin watan farko ba, wato tsallen da ake samu ranar ƙarin girma. A tsarin gwamnatin Amurka, ƙa'ida ce cewa wanda aka ɗaga zuwa mataki na gaba zai samu aƙalla daidai da hawa biyu na tsohon matakinsa. Idan matakai uku ko huɗu suka zama rukuni ɗaya, waɗannan tsallake-tsallaken biyu ko uku sun fita daga rayuwar aikin mutum. Shi ya sa maganar cewa albashin kowa ba zai ragu ba gaskiya ce a ranar da aka yi sauyin, amma ba ta ce komai ba game da albashin da mutum zai karɓa bayan shekara goma.

Malam Nura:
Da izinin manyana, ina ganin ana kallon abin ta fuskar waɗanda suka riga suka daɗe a aiki ne kawai. Mu da muka shigo daga baya, tsarin matakai bai yi mana adalci ba. A ofishinmu an ɗauke ni a matsayin ƙaramin akawu, amma a yau ni nake kula da rumbun bayanan sashen a kwamfuta, ni nake haɗa rahoton wata-wata da ake kai wa hukumar gudanarwa, kuma idan manhajar ta ƙi aiki ni ake kira. Bayanin aikin da ke cikin fayil ɗina har yanzu yana maganar buga wasiƙu da karɓar saƙonni. An gaya mini cewa ba za a iya ɗaga ni ba sai kujera ta samu a sama, kujerar kuwa mai ita yana da sauran shekaru masu yawa. A tsarin faffaɗan rukuni, shugabana yana da ikon ya biya ni gwargwadon abin da nake yi ba tare da an jira wani ya yi ritaya ba. Me ya sa zan ƙi wannan?

Alhaji Garba:
Ɗana Nura, kukanka yana kan hanya, kuma ban ce tsohon tsari ba shi da zalunci ba. Sai dai ka lura da kalmar da ka yi amfani da ita: shugabanka yana da iko. Iko daban, wajibi daban. A yau kana da hujjar da za ka rubuta ka ce aikin da nake yi ya fi matakina, a sake auna shi, kuma idan an ƙi akwai inda za ka ɗaukaka ƙara. Gobe idan an haɗe ku, amsar da za a ba ka a shirye take: duk waɗannan ayyuka suna cikin rukuninka. An faɗaɗa bayanin aikin tare da rukunin, don haka babu wani aiki da za a ɗora maka ka ce ya fi ƙarfin matsayinka. Shugaban da kake da shi yanzu mai yiwuwa mutumin kirki ne, amma tsarin albashi ya kan daɗe fiye da shugabanni.

Malam Nura:
Na ji, ranka ya daɗe, amma wannan haƙƙin neman sake aunawa da kake magana a kai, a aikace shekaru yake ɗauka, kuma sau da yawa amsar ita ce babu kuɗi. Haƙƙin da ba a iya cin moriyarsa bai fi alkawarin shugaba da komai ba.

Barista Hauwa:
Ina so in shigo ta wata kusurwa da ba a taɓa ba tukuna. A mafi yawan ma'aikatu, aikin sakatariya da na karɓar baƙi da na shigar da bayanai mata ne suka fi yawa a cikinsa, don haka duk wani sauyi da ya shafi wannan rukuni yana da alaƙa da batun daidaiton albashi tsakanin maza da mata, wanda Yarjejeniya ta 100 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta tanada tun 1951: lada iri ɗaya ga aikin da darajarsa ɗaya ce.

Akwai wata shari'a da ta dace da wannan muhawara sosai. A 1989 Kotun Turai ta yanke hukunci a kan ƙarar da ƙungiyar ma'aikatan ofis da kasuwanci ta Denmak ta kai game da kamfanin Danfoss. Kamfanin yana biyan albashin tushe iri ɗaya ga waɗanda ke aji ɗaya, sannan ya ɗora wa kowa ƙari gwargwadon wasu ma'aunai kamar iya sauya aiki da horo da daɗewa, amma ma'aikaci ba ya iya gane yadda aka kai ga nasa ƙarin. Da aka duba, matsakaicin albashin mata ya gaza na maza. Kotun ta ce idan tsarin biya ba a bayyane yake ba, kuma ma'aikaciya ta nuna irin wannan gibi a tsakanin ma'aikata masu yawa, to nauyin kawo hujja ya koma kan mai ba da aiki, shi zai tabbatar cewa babu wariya. Faffaɗan rukunin da ba shi da rubutattun ƙa'idojin ci gaba yana jefa ma'aikata cikin irin wannan yanayi kai tsaye, domin mutum biyu masu aiki ɗaya za su iya samun bambanci mai yawa, kuma babu wanda zai iya nuna takardar da ta bayyana dalili.

Tarayyar Turai ta ƙara matsa wannan batu da umarnin da ta zartar a 2023 kan bayyana albashi, wanda ta ba ƙasashenta wa'adin watan Yuni na 2026 su sanya shi cikin dokokinsu. Ya tanadi cewa a sanar da mai neman aiki iyakar albashin kujerar tun kafin a tattauna da shi, ya hana tambayarsa nawa yake karɓa a wurin da ya baro, kuma idan rahoto ya nuna gibin kashi 5 cikin 100 ko fiye tsakanin maza da mata a wani aji na ma'aikata, aka kasa kare shi da dalili kuma ba a gyara ba, dole a zauna da wakilan ma'aikata a binciki tsarin tare. Doka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma ko inda babu irin wannan tilas, wakilan ma'aikata suna iya neman a rubuta irin waɗannan sharuɗɗa a cikin yarjejeniyarsu.

Malam Isuhu:
Barista ta taɓo wurin da mu kanmu masu wannan sana'a muke shan wahala. Zan faɗa muku abin da ke faruwa a bayan fage. Da zarar an kafa rukuni mai faɗi, sai shugabannin sassa su fara tambayar nawa za su ba sabon ma'aikaci, tun da tsakanin 100 da 200 akwai fili mai yawa. Sashen kuɗi kuma ba zai yarda kowa ya yanka yadda ya ga dama ba. Don haka sai a zana wasu shiyyoyi a cikin rukunin, ko a sa wa kowace kujera wata lamba da aka samo daga binciken abin da wasu ma'aikatu ke biya, a ce kada a wuce ta sai da izini na musamman. Mai karɓar baƙi tana da tata lambar, babbar sakatariya tana da tata. A taƙaice matakan sun dawo ta ƙofar baya, bambancin kawai shi ne na da an manna su kowa yana gani, na yanzu kuwa suna cikin kwamfutar sashenmu. Shi ya sa kamfanoni da dama da suka gwada rukunai masu faɗi ƙwarai suka koma wani abu tsaka-tsaki, wato matakai kaɗan masu matsakaicin faɗi.

Duk da haka ba na janye goyon bayana ga tsarin. Abin da nake cewa shi ne, Hajiya, ku nemi a nuna muku waɗannan shiyyoyi ko lambobi. Idan an ce babu su, to ko dai ba a gama shirin ba, ko kuma ba a so ku gani.

Hajiya Rabi:
Na gode ƙwarai, Malam. Akwai wani ɓangare da ba na kuɗi ba ne, kuma ina jin kunyar ɗaga shi a taro don kada a ce girman kai ne. A cikinmu akwai waɗanda suka fara daga ɗaukar fayil, suka zama masu buga takardu, suka zama sakatarorin sashe, har suka kai ofishin babban shugaba. Kowane hawa takarda aka ba su, kuma da wannan takarda sauran ma'aikata suke sanin wa ke gaba da wa, wa zai sa hannu idan shugaba ba ya nan, wa zai horar da sababbi. Yanzu za a wayi gari wadda ta horar da yarinya tana rukuni ɗaya da ita, sunan matsayinsu ɗaya a jadawali. Shin wannan damuwa tana da gurbi a tattaunawar, ko mu haɗiye ta?

Alhaji Garba:
Kada ku haɗiye ta, Hajiya, domin ba girman kai ba ne. Injiniya ko likita ko lauya yana da takardar shaidar sana'arsa da zai tafi da ita ko'ina, ma'aikacin ofis kuwa sau da yawa matakinsa da sunan muƙaminsa su ne kaɗai shaidar cewa ya ci gaba. Idan ya nemi aiki a wani wuri, da su zai nuna cewa ya tashi daga nan zuwa can. Wanda ya yi shekara 15 da suna ɗaya a takarda, mai ɗaukar aiki zai ɗauka a wuri ɗaya ya tsaya. Babu abin da ya hana a haɗe albashi a bar sunayen muƙamai da jerin girma yadda suke, kuma wannan ba ya cin ma'aikata ko sisi. Idan hukumar ta ƙi wannan ma, sai ku tambayi dalili.

Malama Zainab:
Ina so in ƙara abubuwa biyu da kan fito bayan an yi shekara ɗaya ko biyu da sauyin. Na farko shi ne sababbin ɗauka. Tun da rukunin yana da faɗi, idan kasuwa ta yi tsada sai a ɗauki sabuwar ma'aikaciya a kan 140, alhali wadda za ta koya mata aikin an shigo da ita rukunin a kan 125 kuma ƙarin shekararta ɗan kaɗan ne. A tsohon tsari da wuya hakan ta faru, domin sabon shiga daga hawa na farko yake farawa. Ni da nake ganin takardun kowa na san yadda wannan ke ɓata zaman ofis idan ya fito fili, kuma yakan fito.

Na biyu shi ne duk wasu haƙƙoƙi da aka ɗaure a jikin mataki: yawan kwanakin hutu, alawus na tafiya, kuɗin riƙon ƙwarya idan mutum ya zauna a kujerar na gaba da shi, da kuɗin aikin bayan lokaci. Riƙon ƙwarya musamman yakan mutu murus, saboda kujerar da za ki riƙe yanzu tana cikin rukuninki. Game da aikin bayan lokaci, a Amurka misali dokar ƙwadago ta 1938 ita ce tushen biyan ninki ɗaya da rabi ga wanda ya wuce awa 40 a mako, amma akwai ma'aikatan gudanarwa da aka keɓe daga wannan haƙƙi gwargwadon irin aikinsu da yawan albashinsu, don haka rukuni ɗaya yana iya haɗa masu haƙƙin da marasa shi. Sai kuma fansho: inda ake lissafa shi da albashin ƙarshe, rasa ƙarin girma ɗaya a shekarun ƙarshe na aiki asara ce da za ta bi mutum har ƙarshen rayuwarsa. Waɗanda suka kusa ritaya su ne ya kamata su fi kowa zama da alƙalami.

Malam Nura:
To idan haka ne, ashe babu wata hanya ke nan sai mu zauna a tsohon tsari, kowa ya jira wani ya mutu ko ya yi ritaya?

Barista Hauwa:
Akwai, ƙanena, kuma an yi ta a wata babbar ma'aikata. A 2004 hukumar lafiya ta Birtaniya ta tattara ɗimbin jadawalolin albashi da kowace sana'a ke da nata, ta mayar da su rukunai 9 da suka haɗa ma'aikatan jinya da masu gwaje-gwaje da ma'aikatan ofis, ban da likitoci da manyan shugabanni. Ɗaya daga cikin abubuwan da suka tura ta ga haka shi ne shari'ar daidaiton albashi da masu gyaran magana, wato ma'aikatan lafiya da ke taimaka wa masu matsalar furuci, waɗanda galibinsu mata ne, suka kai har Kotun Turai, aka yanke hukunci a 1993. Abin lura shi ne yadda aka yi haɗewar. An auna kowane aiki da ma'aunai 16 iri ɗaya ga kowa, tare da wakilan ƙungiyoyi a cikin kwamitocin aunawa, an bar hawa-hawa a rubuce a cikin kowane rukuni, kuma an ba ma'aikaci damar neman a sake duba inda aka ajiye shi. Ba a rasa rigima ba, domin sakatarorin likitoci sun yi ta jayayya a kan ko rukuni na 3 ya dace da su ko na 4, amma rigima ce da ke da wurin kai ta da ma'aunin yanke ta. A wata yarjejeniyar albashi da aka yi a 2018 ma an rage yawan hawan domin mutum ya kai saman rukuninsa da wuri. Wato ana iya rage yawan matakai ba tare da an bar ci gaban ma'aikaci a hannun mutum ɗaya ba.

Ga irin matsalarka kuwa, Malam Nura, maganinta shi ne a rubuta cewa wanda ya ɗauki wani nauyi takamaimai, kamar kula da rumbun bayanai ko horar da sababbi, zai matsa zuwa shiyya ta gaba da ƙarin kaso sananne, a cikin wa'adi sananne. Wannan ya ba ka abin da kake nema, ya kuma ba Alhaji rubutaccen alkawarin da yake nema.

Malam Isuhu:
Na yarda da Barista, sai dai zan ƙara wani sharaɗi da ke rusa kyawawan takardu da yawa. Auna ƙwazon ma'aikacin ofis abu ne mai wuya. Mai tallan kaya ana ƙirga abin da ya sayar, amma sakatariyar da ta ƙware alamarta ita ce babu abin da ya lalace: taro bai ci karo da taro ba, wasiƙa ba ta ɓata ba, baƙon da ya zo a fusace ya fita a natse. Shugaba ba ya ganin matsalar da aka kashe tun kafin ta iso teburinsa, don haka idan lokacin ba da maki ya zo sai ya ba kowa matsakaici, ko ya fifita wanda ya fi kusa da shi. Idan za a ɗaure ƙarin albashi da maki, wajibi ne a horar da shugabannin, a kuma samu kwamitin da ke kwatanta makin sassa daban-daban kafin a tabbatar da shi, don kada ma'aikatan shugaba mai rowar maki su cutu saboda halinsa.

Alhaji Garba:
Horo da kwamiti duk suna da kyau, Malam, amma ni tambayata ta ƙarshe ga kowace hukuma ita ce ta kasafi. A tsarin matakai, kuɗin hawan shekara bashi ne a kan ma'aikata, dole a tanade shi ko shekara ta yi kyau ko ba ta yi ba. A faffaɗan rukuni, kuɗin ci gaba yakan zama wani dunƙule da hukuma ke warewa idan ta ga hali, kuma ranar da aka shiga matsi shi ake fara yankewa ba tare da an karya wata ƙa'ida ba. Ko a shekarar da aka ware shi, shugaban da ke da injiniya mai barazanar tafiya da akawu mai haƙuri ya san inda zai kai kuɗin. Don haka wakilan ma'aikatan ofis su nemi a ware wa rukuninsu nasa kason daban, a rubuta mafi ƙarancin abin da za a zuba a ciki kowace shekara, kuma a riƙa ba su rahoton yadda mutane suka bazu a cikin rukunin, maza da mata, tsofaffi da sababbi.

Malama Zainab:
Wannan rahoton ba shi da wahalar fitarwa, Baba, duk sashen albashi zai iya haɗa shi a yini ɗaya ba tare da bayyana sunan kowa ba. Abin da zan ƙara shi ne a fitar da na farko tun kafin ranar sauyin, a kan tsoffin matakai, domin idan babu shi ba za a samu abin da za a kwatanta na shekara mai zuwa da shi ba.